Idan ajinku zai kai ziyara makarantar da Turanci zalla ake yi, ku tsaya ku ji tukuna

Ƙannena ɗalibai, musamman ku da makarantarku ke shirin kwasar ku a bas zuwa irin makarantun nan na ƙasa da ƙasa, waɗanda ake ce wa intanashinal, inda tun daga bakin get har ofishin firinsifal Turanci ake yi, da ku nake yau, kuma ba duk abin da zan faɗa ne zai yi muku daɗi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai da irin wannan tafiya shi ne yadda yara ke dawowa hannu rabbana. An sha wahalar nemo mota, iyaye sun sa hannu a takardar amincewa, malamai sun yi ta aika wasiƙu kafin can su ba da rana, amma a dawo ka tambayi yaro me ka gano, sai ya ce maka wallahi suna da wurin iyo, kowane aji da na'urar sanyaya ɗaki, allonsu ma taɓa shi ake kamar waya. To sai me? Ginin nan dai a can za ka baro shi. Abin da zai iya biyo ka gida shi ne yadda suke karatu da yadda suke amfani da harshen, kuma shi wannan ba a kallon bango ake ganinsa ba, sai ka zauna a cikin aji ka buɗe kunne, sannan ka buɗe baki.

Ku fara sanin inda za ku ma tukuna. Irin waɗannan makarantu asalinsu don yaran da iyayensu ke yawon aiki ƙasa-ƙasa aka yi su. Ɗaya daga cikin mafi daɗewa ita ce ta birnin Janiba a Suwizalan, an buɗe ta a 1924 saboda 'ya'yan ma'aikatan Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da na ƙungiyar ƙasashen nan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada daga baya, kuma da ɗalibai 8 kacal ta fara. Matsalarsu a lokacin mai sauƙin ganewa ce, yaro yana nan bana, baɗi an mai da uban wata ƙasa, to wane silabus zai bi, wace jarabawa zai rubuta da jami'ar kowace ƙasa za ta yarda da ita? Neman amsar wannan ne ya haifar da tsarin IB, wato International Baccalaureate, tsarin karatu da jarabawa na ƙasa da ƙasa, a 1968, a Janiba ɗin dai. Shi ya sa in kun shiga za ku ga yara kala-kala, wani bai fi wata shida da zuwa ba, wani wannan ce makarantarsa ta huɗu, kuma da yawansu Turancin nan ba shi suke yi da iyayensu a gida ba. Ku riƙe wannan da kyau, don zai rage muku fargaba.

Tambayar farko da ya kamata wani cikinku ya yi ita ce wane tsari suke bi, don ba duka ɗaya ba ne. Wasu na Birtaniya suke bi, yara su rubuta IGCSE wajen shekara 16, jarabawar da Jami'ar Kambirij ta Ingila ta fara yi a 1988, daga nan su wuce A Level inda yawanci darasi uku ko huɗu kawai mutum zai riƙe ya nutsa cikinsu. Wasu na Amurka, aji 1 zuwa 12. Wasu kuma IB, kuma in kun yi sa'a irin wannan ce, to dan Allah ku nemi 'yan ajin ƙarshe ku tsare su da tambaya. Difilomarsu shekara 2 ce, darasi 6, kowanne ana ba shi maki daga 1 zuwa 7, sai maki 3 na ƙari, duka 45 kenan, kuma sai mutum ya kai aƙalla 24 kafin a fara maganar ya ci. Amma ni ba makin ne ya dame ni ba. Kowane yaro dole ya zaɓi tambaya tasa ta kansa, ya yi bincike, ya rubuta dogon rubutu da zai iya kai kalma 4,000, malami dai ya duba shi ya ba shi shawara amma ba zai rubuta masa ba. Akwai kuma wani darasi da aikinsa kawai shi ne tambayar ta yaya muka san abin da muke cewa mun sani, me ya sa za ka yarda da wannan hujjar ka ƙi waccan. Sannan dole su yi aikin taimakon al'umma da motsa jiki da wani abu na ƙirƙira, ba maki a ciki amma in ba ka yi ba babu difiloma. Yanzu ku duba, yaro ɗan shekara 17 da ya yi wata da watanni a kan tambaya guda, in ka ce masa me kake rubutawa a kai, ya aka yi ka zaɓe shi, ina ka fi shan wahala, wallahi abin da za ka ji a minti biyar ya fi hoton selfi ɗari a gaban tutoci.

To mu zo kan babbar cutar, wato shiru. Na sha ganin yaron da a ajinsu ba wanda ya kai shi surutu, amma da an shiga irin wurin nan sai ya koma kamar an ɗinke masa baki, a ce akwai mai tambaya, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, malamin da ya kawo ku yana ta zare ido cikin kunya. Kuma na san dalili, ba rashin abin faɗa ba ne, tsoron abokanka kake ji. Ka san in ka yi tuntuɓe a kalma ɗaya har ƙarshen zango da ita za a riƙa kiranka. Ku masu wannan dariyar, ku ji tsoron Allah, kun fi kowa cutar da ajin. Kai da ba ka iya ɗaga hannu ba, wanda ya yi ta maza ya ɗaga shi ne abin yi wa dariya? Su yaran can ko a jikinsu, sun saba jin Turanci iri-iri kullum, na Indiya daban, na Koriya daban, na wanda ya taso da Faransanci daban, malamansu ma wani daga Ostireliya wani daga Kanada, ba wanda zai tsaya yana auna lafazinka matuƙar ya gane me kake nufi. Saboda haka a bar maganar nan ta hanci da wasu ke ƙaƙalowa da zarar sun ga Bature, tana sa a kasa gane ka ne kawai. Yi maganarka a hankali da muryarka, in ba ka ji abin da aka ce ba ka ce a maimaita, in kalma ta ɓace maka ka zagaya ta wata hanya.

Wani abu kuma da zai kwantar muku da hankali. Jim Cummins, wani masanin koyon harshe a Jami'ar Toronto, tun 1979 ya bambanta harshen hira da harshen karatu. Yaron da aka jefa cikin masu harshe yakan iya hira tiryan-tiryan cikin kamar shekara 2, amma kafin ya kamo 'yan ajinsa a harshen littafi da rubutu yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7. Ma'ana wanda kuka ji yana zuba Turanci a filin wasa ba lallai ya fi ku iya rubuta bayani mai ma'ana ba, kuma ku da kuke in'ina a baki wataƙila a takarda kun fi yadda kuke zato. Su kansu makarantun sun san da haka, shi ya sa yawancinsu ke da aji na musamman na ƙarfafa Turanci ga sabbin zuwa. Ku roƙa a nuna muku wannan ajin in ana yarda, a ganina ya fi ɗakin kwamfuta amfani gare ku, don a nan za ku ga dabarun da ake bi da mutum irinku.

Maganar ladabi ba zan ja ta ba, kun san ta. Katin baƙo da za a ba ku ku rataya shi kar ku cire, kar ku ware daga ayari, kar ku taɓa kayan ɗakin gwaji. Amma waya kam sai na nanata, irin makarantun nan ba sa wasa da ɗaukar hoton yara, yawancinsu haramun ne sai da izini, kuma mutum ɗaya ya ɗauki bidiyo a ɓoye ya ɗora a TikTok ya isa ya sa a rufe wa 'yan bayanku ƙofa. Haka tambayar nawa babanka ke biya, ko roƙon lambar waya da kyauta, haba, zubar da mutunci ne.

Sai kuma bayan an dawo, nan ne wasu ke lalacewa. Yaro ya kwana biyu yana hura hanci, makarantarmu ba komai ba ce, malamanmu ba su iya ba, har ya fara jin kunyar harshen uwarsa. Kai, a tsarin IB ɗin da ya burge ka dole ne yaro ya ɗauki harshe biyu, har ma akwai hanyar da ake ba shi dama ya karanci adabin harshensa na gida ko da makarantar ba ta da malamin harshen, to su suna neman riƙe nasu kai kana neman yar da naka. Eh, suna da kayan aiki da ku ba ku da su, kuma ajinsu ba cunkoso, ƙarya ne a ce wannan ba ya tasiri. Amma ku zauna ku ware abin da kuɗi ke saye da wanda ba ya saye. Mutum ya tsaya gaban aji ya yi bayanin minti uku, a kasa ku rukuni-rukuni ku yi muhawara, kowa ya karanta littafi guda a wata ya ba da labarinsa, ka faɗi inda ka samo magana in ka rubuta ta, wanne ne a ciki yake buƙatar wurin iyo? Ku zaɓi guda ɗaya tak ku kai wa malaminku cikin ladabi ku ce kuna so a gwada, kar ku je masa da cewa a can haka suke yi ku ba ku iya ba, ranar za ku ga ɓacin rai.

Wasiƙar godiya kuma ku ce ku za ku rubuta, kar ku bar wa malami, kar kuma ku kwafo ta daga intanet. Ku haɗu ku rubuta da Turancinku, ku ambaci ajin da kuka shiga da abin da aka koyar ranar, malami ya gyara muku kurakurai, sannan a ƙarshenta ku saka tambaya ɗaya da lokaci bai ba ku damar yi ba, ku ce kuna so 'yan ajin da suka karɓe ku ne za su amsa.