Fitilar rana ba don direba ya gani ba ce

Abin na damuna: da zarar mota ta kunna fitila da rana sai a yi ta yi wa direba ishara, wai ya manta. Hujjarsu ba laifi: rana na haske, kuma ai batir zai ƙare.

Amma fitilar nan don a hango ka ce daga nesa. Batir kuwa, muddin inji na aiki, yana caji. Don a riƙa hango motoci ne ƙasar Suwidin ta wajabta kunna fitila da rana tun 1977.

Ɗauki ɗan acaɓa cikin hazon hunturu, direban tirela na shirin wuce wata mota. Babur siriri ne, ƙura ta haɗiye shi; ɗigon hasken fitilarsa direban zai fara gani. Sai dai in kowace mota ta kunna, babur kan ɗan ɓace a cikinsu.