Tafiyar Mutum Shi Kaɗai a Ƙasar Hamada da Kwazazzabai

A 'yan kwanakin nan hotunan masu tuƙa mota su kaɗai tsakanin jajayen duwatsun jihohin Arizona da Yuta na Amurka sun yawaita a shafukan matasanmu na Jos, kuma da yawa suna rubuta cewa su ma burinsu ke nan, su ɗauki mota su nausa ba tare da kowa ba. Ban ga laifin wannan sha'awa ba, domin ƙasar ta cancanci a yi marmarinta. Kwazazzabon Grand Canyon, wanda kogin Kolorado ya daɗe yana sassaƙawa, tsawonsa ya kai kilomita 446, zurfinsa a wasu wurare ya haura mita 1,800, kuma tun 1919 gwamnatin Amurka ta ayyana shi wurin shaƙatawa na ƙasa. Mu da muka tashi muna ganin duwatsun Shere da na Riyom mun san yadda dutse yake sa mutum ya tuna da girman Mahalicci.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake ɗaukar kaɗaicin a matsayin jarumtaka. Mutumin da ke cikin hoton nan shi kaɗai ne a cikin mota, amma a ƙarƙashinsa akwai kwalta mai kyau, a gabansa akwai allunan da ke faɗa masa nisan gidan mai na gaba, a bayansa kuma akwai ma'aikatan gandun da ke ba da takardar izini ga mai son kwana a cikin kwazazzabo, waɗanda za su fita nemansa idan aka kai rahoton ɓatansa. Hoton ba ya nuna waɗannan mutane, saboda haka mai kallo yakan zaci ƙarfin zuciya kawai ya kai matafiyin can ya dawo da shi.

Duk da wannan tanadi, ƙasar ba ta da sassauci. A watan Afrilun 2003 wani matashi mai suna Aron Ralston ya shiga wani matsattsen kwazazzabo a Yuta bai gaya wa kowa inda ya nufa ba, sai dutse ya gangaro ya danne masa hannun dama, ya shafe sama da kwana biyar a wurin, har ya kai ga yanke hannun da kansa kafin ya tsira. A 1997 kuma ambaliya ta kashe masu yawon buɗe ido 11 a kwazazzabon Antelope, alhali ruwan da ya hallaka su a can nesa aka yi shi, ya taru ya biyo matsatsin dutsen da ƙarfi. Abin mamaki ne a ce a hamada ruwa yana kisa ta fuska biyu, rashinsa da kuma zuwansa bagatatan.

Ba sai mun je Amurka za mu koyi wannan ba. Buzayen da ke tasowa daga Agadas da duwatsun Azbin zuwa Fachi da Bilma ɗauko kantun gishiri da dabino sun fi kowa sanin hamadar Tenere ta Nijar, amma ba a taɓa jin ɗayansu ya kama raƙumi ya tafi shi kaɗai don nishaɗi ba. Ayari ake haɗawa, a ba madugu jagora, saboda shi ya san rijiyoyi da taurari, kuma kakanninmu fatake haka suka yi zuwa Gwanja. Ko mota ba ta sauya wannan hukunci ba, domin a 2017 mutane 44 sun mutu da ƙishirwa a arewacin Nijar bayan motarsu ta lalace a kan hanyar Libiya. Addini ma ya yi gargaɗi a kan mutum ya yi tafiyar dare shi kaɗai.

Saboda haka ina goyon bayan tafiyar, amma da sharaɗin wani ya san hanyar da za ka bi da ranar da za ka dawo, ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake tsammanin buƙata, da tayar safaya mai lafiya, kuma kada ka dogara da waya a inda babu sabis. Wanda bai taɓa sauka Hawan Kibo shi kaɗai ba, ya tsaya a magangarar ruwan Assop, ya isa Akwanga kafin la'asar, ina ganin ya fara da wannan tukuna, ya kuma tambayi direbobin tasha dalilin da ya sa da yawansu ba sa son dare ya riske su a wannan hanya.