Alhaji da Sarkin Fika

Ajin dare na manya a unguwar Bronx da ke birnin New York a Amurka. Malama ta raba fom.

Malama: Wannan shi ne I-9, duk sabon ma'aikaci sai ya cike shi. Akwatin farko "las nem", sunan mahaifi ko na kaka. Na biyu ne sunanka na yanka. Alhaji, me ka sa a na farko?

Alhaji: Alhaji.

Malama: Na biyu fa?

Alhaji: Alhaji. Ai sau biyu na je.

Malama: Abin da ke kan katinka na shaida za ka kwafa, harafi da harafi. In kati ya ce Mohammed kai ka rubuta Muhammadu, mutum biyu kwamfuta take gani.

Alhaji: Kwamfutar ce ta biya mini kujerar Makka?

Bazazzagi: Ƙyale shi, Malama. Bakano ko a layin asibiti sai an kira shi da take yake amsawa.

Alhaji: 'Yar nan, ni Turanci ba baƙona ba ne. Shekara 20 ina sayar wa 'yan Legas atamfa a Kantin Kwari.

Turancin dai bai wuce "hawu moc" da "las firayis" ba, amma wa zai faɗa masa?

Malama: To karanta mini wannan: 04/05.

Alhaji: 4 ga Mayu.

Malama: 5 ga Afrilu. A Amurka wata ake fara rubutawa, sannan rana, sannan shekara.

Bazazzagi: Ashe! Shi ya sa ya je ganawar neman aiki da babbar riga, ya tarar wanda aka ɗauka har ya karɓi albashi sau biyu.

Alhaji: Su suka yi gaggawa. Mutanen da ke sa keke gaban doki, ni za su koya wa kwanan wata?

Malama ta yi salati a zuci, ta ce kowa ya fito da takardar albashinsa. Alhaji ya zaro tasa daga cikin hula.

Alhaji: Yauwa, nan nake da ƙara. Wane ne wannan Fika da ke yankar mini dala 63 duk mako? Ni ba ɗan Yobe ba, me ya haɗa ni da Sarkin Fika?

Malama: FICA ne, Alhaji, harajin tarayya. Kashi 6.2 cikin 100 na fansho, 1.45 na lafiyar tsofaffi, jimla 7.65.

Alhaji: Ko ma wane ne, bai taɓa zuwa ya gaishe ni ba.

Malama: Bar shi, wannan doka ce. Duba sama. "Guros" shi ne kuɗinka kafin yanka, "net" abin da ya shiga hannu. Awa nawa ka yi?

Alhaji: 46, kowace dala 18.

Malama: Sun ba ka 828. Amma duk awar da ta haura 40 a mako, ɗaya da rabi ake biya. Awa 40 a 18, 720. Awa 6 a 27, 162. Haɗa.

Alhaji bai ɗauki biro ba. Lissafi kam ba a koya wa ɗan Kwari.

Alhaji: 882. Sun ci mini 54!

Masu gidan aikin da ba su taɓa kuskuren ƙara wa kowa ko sisi ba, kullum kuskurensu ɓangare ɗaya yake faɗawa.

Malama: Shi ya sa nake cewa ku riƙa rubuta lokacin shiga da na tashi a littafinku kullum, ku kuma adana takardun nan. Ranar Litinin ka kai wa mai lissafin albashi.

Alhaji: Yaya ake cewa "ku fito mini da kuɗina"?

Bazazzagi: Au, ina Turancin Kwari?

Alhaji: Wancan na sayarwa ne, wannan na karɓar bashi. Malama, rubuta mini. Ki sa musu Alhaji ne zai zo.

Bazazzagi: Ranar kuma ki rubuta masa da Hausa, kada ya isa bayan Sallah.