Wayar gida marar igiya ba mutuwa take ba, kashe ta ake yi

Abin da masu sayar da wayar gida marar igiya suke yi wa mutane ya isa haka. Mutum ya saya don otal ko ofis, ko wata uku ba a yi ba ta ɗauke, ya mayar a ce masa inji ne ya ƙone, sai dai sabuwa. Wallahi yawancinsu lafiyarsu ƙalau, batir da cajar banza aka haɗa shi da su.

Wayar nan batir mai caji take so, NiMH, ƙaramin nan AAA mai bolt 1.2, yawanci guda biyu. Amma sai mai shago ya cusa mata batirin rimot mai bolt 1.5, wanda ba a yi shi don caji ba. Yana zaune a kan mazauni, wato inda ake ɗora wayar ta yi caji, yana shan wuta, ya yi zafi, ya tsiyaye. Buɗe murfin ka ga farin gari kamar kanwa ya cinye ƙarafunan ciki. Wannan ba ganganci ba ne? Shi kuma AAA ɗin da aka rubuta wa 2000mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa) ko fiye, ƙarya ce tsagwaronta, na gaske da kyar yake wuce 1000. Nemi mai 550 zuwa 800, canza duka biyun tare, kada ka gwama tsoho da sabo, ka bar shi awa bakwai zuwa takwas a cajin farko.

In ta ƙi caji, cire mazaunin daga wuta ka goge ƙarafunan da wayar ke zama a kai da busasshen ƙyalle. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta hana su haɗuwa. In tana ta neman mazauni, danne maɓallin kiran da ke jikinsa kamar daƙiƙa biyar ka sake yi mata rajista, lambar sirrin yawanci 0000 ce.

Maganar caja ta fi ciwo. Wayoyin gwanjon Amurka da yawa cajarsu ta bolt 120 ce, wutarmu kuwa 230. Ana jonawa sai ƙauri. Mai shago ya san haka sarai, bakinsa ƙanin ƙafarsa, ko ya lalubo wata caja a kwali don kawai bakinta ya shiga. Juya mazaunin ka karanta abin da aka rubuta, bolt 5.5 ne ko 6 ko 6.5, ka ƙi karɓar cajar da ba ta yi daidai ba.

Kuma wa ya taɓa gaya wa mai saye cewa yawancin mazaunan nan ba su da batir? Ana ɗauke wuta layi ya tafi, wayar ta yi ta lalube har ta zuƙe cajinta. Jona mazaunin a inbata ko UPS, na'urar ajiye wuta, wutar da yake ci ba ta kai ta ƙwan fitila ba.