Tsohon jirgin yaƙi ba da fenti yake tashi ba

Duk lokacin da aka ɗora hoton wani tsohon jirgin sojan sama, sai ka ga mutanenmu na Birnin Kebbi da Argungu suna cewa a gyara shi mana, a kawo shi filin jirgi na Ambursa ya yi shawagi ranar biki. Sha'awar ba laifi ba ce. Amma irin su MiG-17 da Il-28 da aka yi yaƙin basasa da su tsakanin 1967 da 1970, waɗanda suka shekara aru-aru a rana, maganar tashinsu ta wuce. Wanda ya ce zai tayar da su da kuɗin kwangilar fenti, rai zai salwantar.

Kafin a taɓa injin, takardu ake nema. Kowane jirgi yana da littafin da ake rubuta awannin da ya yi a sama da duk gyaran da aka yi masa, domin ƙashin fiffike yana da iyakar wahalar da zai ɗauka kafin ya tsage. In littafin ya ɓace, babu injiniyan kirki da zai sa hannu.

Sai tsatsa, wadda ita ce ke cinye yawancin kuɗin. Ta alminiyum ba ja ba ce, fara ce kamar garin rogo, mafi muninta kuma ta ciki take ci, sai ka ga ƙarfen ya kumbura a gefen ƙusa yana ɓarewa falle-falle. Dole a cire fentin kaf, a shafa jan ruwa mai ratsa tsaga, a ba shi 'yan mintuna, a goge, a fesa farar hoda. In akwai tsaga, za ta fito da siririn jan layi. Inda ido ba ya kai wa, sai na'urar lantarki ko hoton eksire. Wasu za su ce ai ƙasarmu busasshiya ce, Amurka ma a hamadar Arizona take ajiye tsofaffin jiragenta. Haka ne, amma can sai sun toshe kowace kafa, sun lulluɓe gilashi da farin rufi. Mu kuwa ruwan damina ya kwanta a cikin fiffike, rana ta dafa robobi da tiyo, kashin jemage ya ci ƙarfe, zanzaro ya yi gini a bututun da ke auna gudun jirgi. Wannan ɗan ginin laka kaɗai ya isa ya sa agogon gudu ya yi wa matuƙi ƙarya yana cikin tashi.

Jirgin jet yana da wata rigimar ta daban, wato kujerar da ke cilla matuƙi waje. Harsasan da ke harba ta suna da wa'adi, na tsofaffin samfuri kuma samunsu aiki ne. A 2009 wani tsohon jirgin Lightning ya faɗi a Afirka ta Kudu, matuƙin ya nemi ficewa abin ya ƙi, ya rasu. A 2015 kuma wani tsohon jirgin yaƙi, Hawker Hunter, ya faɗa kan titin mota a Shoreham ta Ingila, mutum 11 suka mutu, kuma ba a cikin jirgin suke ba. Masu waɗannan jiragen fa masu kuɗi ne da ƙwararru.

A ganina abin a raba shi biyu. Manyan jiragen yaƙin a tsiyaye musu mai, a cire duk wani abu mai fashewa, a kashe tsatsar, a toshe kafofi, a sa su ƙarƙashin rumfa tare da allon tarihinsu. Aiki ne da ɗaliban kwalejin jiragen sama ta Zariya za su koyi abu da yawa a kansa.

Wanda za a tayar kuwa, a zaɓi ƙarami na koyon tuƙi, kamar Bulldog da sojan samanmu suka yi amfani da shi. Injinsa Lycoming ne mai silinda 4 da ƙarfin doki 200, har yau ana ƙera kayan gyaransa. Shi ma ba a zuba mai a murza makulli kawai. Kamfanin Lycoming ya ce injin da ya kai shekara 12, a warware shi a yi masa garambawul ko bai cika awanninsa ba, saboda sandar da ke buɗe bawul a sama take, in injin ya daɗe a ajiye mai ya tsiyaye daga kanta, tsatsa ta kama ta, ɓarɓashinta ya bi mai ya lalata sauran. A canza duk tiyon mai da na birki, a duba magneto biyun da ke ba fulogi wuta, a tanadi man jirgi na musamman mai suna 100LL, kada wani ya yi dabarar fetur ɗin gidan mai.

Gwajin farko kuma kada a sa shi da tsakar ranar Afrilu. In zafi ya haura digiri 40 iska takan yi sako-sako, injin ya rage ƙarfi, jirgi ya ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga. A yi shi da sanyin safiya, matuƙi shi kaɗai, yana kewaya saman filin, bayan hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa (NCAA) ta duba ta ba da izini.