Ba Chanel ce ta fara ba

Mutane da yawa suna ɗauka Chanel No. 5 na 1921 ne turaren farko da gidan ɗinki ya fitar a Faris. Ba haka ba ne. Tun 1911 Paul Poiret, wani mai gidan ɗinki a Faris, ya kafa kamfanin turare na Les Parfums de Rosine, da sunan 'yarsa. A nan ruɗanin ya samo asali: bai sa wa kamfanin turaren sunansa ba, sai jama'a suka manta da shi. Maurice Schaller ne ya haɗa wa Poiret turaren Nuit de Chine a 1913, ɗaliban Martine, makarantar zane ta Poiret, kuma suna zana wasu kwalaben da hannu. Gidan ɗinkin Poiret ya durƙushe a 1929. Rosine ɗin da ke kasuwa yau Marie-Hélène Rogeon ce ta farfaɗo da sunan a 1991.