Kirsimeti na tafe, ku karkaɗe keke ku kai ƙafa gidan mutane

Ƙannena matasa, maza da mata, musamman na Wusasa da ke gefen Zariya da kewayenta, da duk wanda wannan magana ta iske a inda yake, ina gaishe ku. Hunturu ya sauko, leɓe ya fara tsagewa, teloli sun daina karɓar sabon ɗinki, da yamma kuma ana jiyo mawaƙa a majami'a suna bitar waƙoƙin haihuwar Almasihu. Kafin ranar ta zo akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma gara in faɗa muku shi tun yanzu da sauran lokacin gyara.

Bari in fara da yadda na taso na ga ana yi a gidanmu. Tun watanni biyu kafin Kirsimeti magidantan unguwa suke fara zuba kuɗin watanda. Ranar jajibere a kawo sa, Baba kuma ba ya yarda kowa ya sa masa wuƙa sai mahauci Musulmi, domin kada wani maƙwabci ya karɓi kwanonmu yana ɗari-ɗari. A kasa nama kashi-kashi a kan buhu, kowane gida ya ɗauki nasa. Daren nan ba a barci da wuri. Ƙamshin suya ya cika gida, cincin kuwa tun kwana uku da suka wuce yana cikin bokiti an rufe, Mama ta ɗora shi can saman kabad inda hannunmu ba ya kaiwa. Da asuba ta riga kowa tashi, ta hura wuta a murhu uku: shinkafa a ɗaya, jar miya a ɗaya, tandar waina a na ukun. Zoɓo da kunun zaƙi suna gefe a cikin randa suna yin sanyi.

Abin da nake so ku lura da shi shi ne, ba mu ake fara zuba wa ba. Mama takan jera langa da samira a bakin ɗaki, tana zubawa tana kiran mai kowane kwano: wannan na Kaka ne, wannan na gwauruwar nan ta bayan makaranta, wannan na aminin Babanku na cikin birni, a ƙara masa tsoka biyu. Sai an sallami kwanukan mutane sannan a waiwayi 'yan gida. Da an taso daga sujada, ni da yayana mu fito da baƙin keken Baba, Raleigh, wanda ya girme mu duka. Mu ɗaure kwanukan a kan kariya da igiyar roba, a sa tsumma a tsakani don kada miya ta zube, sannan a kama hanya. Ɗanmagaji, Tudun Wada, har cikin birnin Zariya. Yayana yana tuƙi, ni ina zaune a kan ƙarfen gaba rungume da kwanon da bai samu wuri a baya ba, zafinsa yana ratsa sabuwar rigata, iskar hunturu tana dukan fuskata.

A kowane gida sai mun sauka, mun durƙusa, mun gaishe da manya, an tambaye mu mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Aminin Baba na cikin birni mai ɗinkin hula ne. Yakan aje allurarsa, ya buɗe kwanon a gabanmu, ya sa albarka, ya kira matarsa ta juye. Kwano ba ya komawa wayam, ko dabino ne ko goro sai an saka, ga kuma tukwicinmu. Idan Babbar Sallah ta zo, 'ya'yansa ne za su bugo nasu keken su kawo mana cinyar rago. Ta haka na san lungunan birni, ta haka kuma mutanen can suka san ni ɗan wane ne. Har yau idan na bi ta ƙofar gidan nan jikokinsa sukan tare ni da sunan mahaifina.

To yanzu me nake gani? Ina ganin saurayi ya kwana uku yana shirin Kirsimeti, amma shirin bai wuce aski da takalmi da inda za a samo aron babur ba. Ya shigo sujada a makare, ya tsaya a waje yana ɗaukar hoto, kafin a yi addu'ar sallama ya ɓace. Sauran yinin yana kan titi, su uku ko huɗu a kan babur ɗaya, ana tsere, ana ɗaga tayar gaba, daga wannan mashaya zuwa waccan. Gaisuwar dangi kuwa an gama ta tun da safe, hoto guda mai furanni an tura wa mutum ɗari a WhatsApp. Kakarsa ba ta da wayar da za ta buɗe hoton. Tana zaune a ƙofar ɗaki da sabon zaninta tun hantsi, ta aje masa naman da ta hana kanta, duk wanda ya yi sallama sai ta ɗaga kai. Zumunci a ƙafa yake, ƙannena, kuma tsofaffinmu ba su san wani iri ba sai wannan.

Ba jita-jita nake ba ku ba game da babur. Akwai shekarar da muka ci Kirsimeti a barandar asibiti saboda wani yaro da nake koya wa karatu a makarantar Lahadi. Ya sha, ya goya abokai biyu, suka yi karo da mota a kwana. Mahaifiyarsa ta iso da ɗankwalin zumuntar mata a kanta, hannunta da sauran man suya, ko wanke shi ba ta tsaya yi ba. Yaron ya rayu, mun gode wa Ubangiji, amma ƙafarsa ba ta koma daidai ba, kuma kuɗin da aka tara na makarantar ƙannensa a can suka ƙare. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, duk shekara sai ta yi ta jan kunne a kan watannin ƙarshen shekara, saboda lokacin ne hanya take cika, direbobi suke gaggawa, masu sha suke ƙaruwa. A hunturu ga hazo da ƙura, mai mota ba ya hango ka sai ya zo dab. Wanda ya haɗa wannan da burukutu ko ƙwaya ko maganin tarin nan mai kodin da gwamnati ta haramta a 2018, ya san abin da yake saye.

Shi ya sa nake ce muku ku koma wa keke. Na san wasunku za su ce ai keke na tsofaffi ne da 'yan ƙauye, budurwa ba za ta kalle ka ba. Ni ban ga abin kunya a ciki ba. Masu bisharar da suka kafa ikilisiyoyin ƙauyukan ƙasar Zazzau da Kano da Katsina, da yawansu a kan keke suka yi aikin, Littafi Mai Tsarki a ɗaure a kariya, wanda ba a ma samu cikakkensa da Hausa ba sai a 1932. Mu da muke alfahari da Wusasa, inda mishan ta dawo daga cikin birni a 1929, garin da Janar Yakubu Gowon ya tashi, ya kamata mu tuna cewa waɗanda suka gina wurin nan da ƙafa da keke suka yi zirga-zirgarsu. Ga kuma lissafi mai sauƙi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san abin da lita take ci a aljihu. Kuɗin man da za ka ƙona kana zagaye gari ba gaira ba dalili zai sayi mudun shinkafa a kai wa wanda bai ɗora tukunya ba.

Amma babban dalilina ba kuɗi ba ne. Mai keke yana tafiya daidai da saurin gaisuwa. Yana ganin dattijon da ke zaune a gindin bishiya, ya sauke ƙafa ɗaya ya ce barka da Kirsimeti, Baba. Yana jin wanda ya kira sunansa daga cikin shago. Yana shiga lungun da mota ba ta shiga, ya jingine a bango ba tare da ya tayar da ƙura a kan abincin mutane ba. Mai babur kuwa sai dai a ce wane ne ya wuce. Sannu ba ta hana zuwa, kuma a wannan rana ba a neman wanda ya riga isa.

Idan akwai tsohon keke a bayan ɗaki, ku fito da shi tun wannan mako, kada ku bari sai jajibere lokacin da mai faci ba shi da sararin ɗaga kai. A duba taya, a sa wa kaca mai, a ɗaure sirdi, a tabbatar ƙararrawa tana kaɗawa. Birki shi ne kan gaba, na gaba da na baya duka, domin keke mai kaya a gangare ba ya tsayawa da ƙafa. Ku bi gefen dama, kada ku jeru uku a kan titi kuna hira, ku kauce wa babbar hanyar Kaduna inda tireloli suke gudu, ku dawo gida kafin magariba. Wanda dole dare ya same shi, ya sa riga mai haske ya ɗaura fitila. 'Yan mata, ku ma da ku nake. Wadda ta iya ta hau, wadda ba ta iya ba yayanta ya koya mata a filin makaranta kafin ranar.

Sai batun gidan da za a je. A Luka sura 14 Yesu ya gaya wa wanda ya gayyace shi cin abinci cewa idan zai yi biki, kada ya tsaya ga abokai da dangi da maƙwabta masu arziki waɗanda za su rama masa, ya kira matalauta da guragu da makafi. Wanda muke murnar haihuwarsa ma a komin dabbobi aka kwantar da shi a Baitalami, makiyaya masu kwana a fili ne kuma suka fara jin labari. Saboda haka ku zauna da iyayenku ku fitar da sunaye. Akwai gwauruwar da wannan ce Kirsimetinta ta farko ba mijinta. Akwai ɗalibin da kuɗin mota ya hana shi tafiya gida, yana ɗaki a Samaru shi kaɗai. Akwai marar lafiyar da ke kwance a asibiti da mai jinyarsa da ba ta ga tukunya ba kwana da kwanaki. Akwai waɗanda rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, suna raɓe a gidajen dangi.

Kada kuma ku tsallake ƙofar maƙwabcinku Musulmi. Wannan ita ce ta fi damuna, domin ina ganin al'adar tana mutuwa a hannun tsararku. Ku dubi Kaduna. Bayan rikicin 2000 mutane suka yi ta ƙaura, har ya zama akasarin Kirista suna kudancin kogi, akasarin Musulmi suna arewacinsa. Yaro ya tashi ya girma bai taɓa cin abincin gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, sai abin da aka gaya masa a kansu. Irin wannan yaro ba wuya a zuga shi. Ni da na durƙusa a zauren mai ɗinkin hula ina ɗan shekara tara, babu mai iya gaya mini ƙarya a kan mutanen cikin birni, domin na sha ruwan randarsu. Idan iyayenku sun daina aikawa, ku ne za ku ce Mama, a zuba na gidan Alhaji, ni zan kai.

Kalma biyu a kan girki. Samari, ba haramun ba ne ku faskara itace, ku ɗebo ruwa, ku fige kaji, ku wanke tukwane. Uwa da 'yan mata suna tsaye a bakin wuta tun asuba, wasu ko sujada ba sa samu. Kuma kada ku matsa wa iyaye su ci bashi don a ce gidanku an yanka akuya. Janairu tana bakin ƙofa da kuɗin makaranta. Idan dafa-duka ce da kifi Allah ya hore, a dafa ta da kyau a raba.

Ranar 26 ga wata ma hutu ce. Ku haɗa ƙannenku da abokanku, har da 'ya'yan maƙwabta, ku hau kekuna da sanyin safiya zuwa gindin dutsen Kufena, da gorar zoɓo da sauran cincin a leda, babba ɗaya a gaba babba ɗaya a baya, ku dawo kafin rana ta yi zafi.

Idan kun isa gidan Kaka ranar Kirsimeti, ku jingine keken, ku cire takalmi, ku sa waya a aljihu. Ku durƙusa ku gaishe ta yadda ya kamata, sannan ku zauna a tabarma. Za ta ba ku labarin da kuka riga kuka ji, ku saurara har ƙarshe. Za ta jawo kwanon da ta ɓoye a ƙarƙashin gado, ku ci a gabanta. In kuma ta kwance bakin zani ta miƙo muku tsohuwar naira ɗari tukwici, kada ku ce ta bar shi, ku sa hannu biyu ku karɓa.